Wuƙar Hannun Bube

Kun gan shi, kada ku ce ba ku gan shi ba. Ranar da lorin Sakkwato ya sauke shi a tashar Tambuwal da ƙunshin tsummansa a hammata, da yawanku kuna zaune a inuwa kuna gardamar siyasa. Kuka dubi fuskarsa kuka gane Bube ne, maharbin Kebbe wanda kuka sha cin naman bakansa. Da idonku ya sauka kan hannuwansa, sai kowa ya tuna yana da abin dubawa a wani gefen. Wannan ya shiga gyaran hula, wancan ya tsura wa tayar lori ido kamar bai taɓa ganin taya ba. Mutum ya yi shekara huɗu ba ya gari, aka rasa mai tashi ya tarye shi. Tunda kun kau da kai a ranar, yau sai ku saurara.

Shekara guda ke nan da samun mulkin kai. Bube ya dawo daga asibitin kutare da takardar sallama mai hatimi, wadda ta ce cutar ta mutu a jikinsa, ba ya shafa wa kowa. Amma ƙwayar magani ba ta mayar da abin da aka riga aka ci. A hannun dama saura guntun babban yatsa da rabin manuni, a hagu yatsu biyu, su ma a lanƙwashe. Farce ko ɗaya babu. Abin da ya fi wannan ciwo, hannuwan ba sa ji. Ko garwashi ya dafa, sai dai ƙauri ya gaya masa.

A Kebbe an zaɓa masa sana'a tun bai iso ba. Har wuri an nuna, gindin durumin ƙofar masallaci, inda inuwa ke daɗewa kuma masu fitowa daga salla ke wucewa da kwabo a hannu. Masu nunawar ba mugaye ba ne. Tausayi suke ji, irin tausayin nan namu da ba ya cin mana komai.

Matarsa Lauratu ce kaɗai ba ta san da zaman durumin ba. Washegarin isowarsa ta jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin gado, ta zazzage tarkunan ƙarfe uku a gabansa, suna sheƙi, ko ɗigon tsatsa babu.

"Maigida, ga yaranka nan," in ji ta. "Shekara fuɗu ina ci da su da man kaɗe, ko zomo ba su kawo min ba. Sai ka yi musu faɗa."

Bube ya yi dariya, ita ce ta farko tun da ya sauka daga lori. Baka dai ya fi ƙarfinsa, don tsarkiya yatsu take so. Amma tarko ƙafa yake so da nauyin jiki, waɗannan kuwa yana da su.

Sai dai tarko yana da sharaɗi. Abin da ya kama ba ya halatta sai an riske shi da rai an yanka. Tsohuwar wuƙarsa mai kube kuwa zamewa take daga tafinsa, ga shi malamin asibiti ya ja masa kunne kada ya yarda tsirarar kaifi ta zauna kusa da hannun nan, don raunin da ba a ji shi ne ke cinye yatsu. Saboda haka ran kasuwa ya koma Tambuwal neman wuƙa mai naɗewa.

A lokacin maharban ƙasar sun rabu gida biyu, kowane gida yana kare wuƙarsa kamar jam'iyya. Akwai 'yan mai zobe, wato wuƙar kanti marar nauyi mai ƙotar katako, wadda ake jan zoben bayanta kafin ta naɗe. Akwai kuma 'yan 'yar Bama, baƙa mai nauyi da tsofaffin sojoji suka dawo da ita daga yaƙin Bama, mai wani ƙarin baki na buɗe gwangwani. Bube ya tarar da su a rumfar mai wuƙaƙe, gardama ta yi zafi.

"Wagga ta ga yaƙi!" in ji wani dattijo yana ɗaga 'yar Bama. "Taku ko, ƙarhenta awa na cokali, ƙashin zomo na lanƙwasa ta."

"Baba, mu gada muka nema," wani saurayi ya amsa. "Ran da anka fara sa gada cikin gwangwani, sai mu zo mu ari taka."

Aka kwashe da dariya. Gaskiyar ita ce kowannensu yana son wuƙarsa ne saboda wanda ya fara gani riƙe da ita, wani ubansa, wani direban lorin da ya burge shi. Kuma duk biyun halinsu ɗaya: sai ka sa farce a ɗan tsagin ruwan wuƙar ka jawo, ɗaya hannun yana riƙe da ƙota.

Da Bube ya tsuguna, dariyar ta yanke. Ya nuna wata mai zobe can ƙarƙashin tsibi. Mai rumfa ya ce duk ɗaya suke, ya ɗauki ta sama.

"Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano," in ji Bube. "Waccan nika so."

Mai rumfa ya sa kara ya turo ta gefen tabarma. Bube ya ɗauka da tafi biyu ya tafi abinsa. A gida ya yi ta koyon buɗe ta da haƙori, har ya iya, sai dai a hankali.

Kwana tara da ɗana tarkuna, da sanyin safiya, ya tarar da mazo, ɗan'uwan barewa, a fadamar bakin gulbi. Namiji ne babba, jan gashinsa ya jiƙe da raɓa, ƙafar gaba a cikin tarko. Ya kwana yana fizga, ya galabaita, numfashinsa sama-sama. Bube ya faɗa masa, ya danne wuya da gwiwa, ya maƙale ƙaho da damtsen hagu, ya kai wuƙa baki. Haƙorinsa ya zame. Ya sake cizo, mazon ya shure, wuƙa ta faɗa cikin ciyawa. Ya yi ta lalube da hannun da ba ya bambanta ƙarfe da tsakuwa. Dole sai ya gani da ido, kuma ba ya iya gani sai ya saki ƙahon. Ya saki. Ya samo ta, ya ciza, ta buɗe.

Da ya juyo, mazon ya yi shiru. Ya tsinko ciyawa ya taɓa masa ƙwayar ido. Bai ƙifta ba.

Jikin da ɗumi. In ya yanka yanzu, jini zai ɗan zuba, kuma babu mai gani sai wata kurciya a kan ƙirya. Naman nan zai ci da gidansa wata guda. Bube ya daɗe a tsugune da wuƙa a buɗe. Daga nan ya taka tarkon ya zare ƙafar dabbar, ya ja gawar gefe ya bar wa ungulu.

Al'adar maharba ce a kai wa Sarkin Baka labarin duk babban abin da ya faɗi a daji. Bube ya je ya gaya wa Sarkin Baka Malami yadda aka yi, bai rage komai ba. Malami dattijo ne mai adalci, amma ba ya kwana-kwana.

"Bube, kai namu na, ba ni ɓoye ma," ya ce. "Tarkon da babu yanka bayanai azaba ta ga dabba, hasara ta ga daji. In sabon wata ya tsaya, ni da kaina nika bin ka zagayen tarkuna, safiya ukku. In ka yanka gabana, daji naka na. In ba ka iya ba, sai ka tone su ka ba wani."

Bube ya yi sallama ya fito. Ya san inda hanya take nufa in aka tone tarkunan nan: gindin durumi. Sauran kwana goma sha biyu wata ya tsaya.

Lauratu ce ta tura shi wurin Maccido maƙeri. Maccido taubashinsa ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun zagi juna ba, kuma tun da ya dawo Bube yake kauce wa maƙerarsa. Yana tsoron ya tarar shi ma ya koyi ladabi.

"A'a! Wa nika gani?" Maccido ya ajiye masaba. "Bawana ya dawo bai zo gaida ubangidanai ba! An ce ka tafi Sakkwato da yatsu goma ka raba ma mutanen birni sadaka."

"Na rage ukku da rabi," in ji Bube. "Sun isa tsokane ma ido."

"To zamna, mai kyauta. Mi ya kawo ka?"

Bube ya ba shi labarin mazo da maganar Sarkin Baka. Maccido ya juya mai zobe ya jefar da ita kan buzu.

"Wagga don mai farce anka yi ta. Kawo hannun."

Bube ya ɗaga hannun daga inda yake. "Duba daga nan."

"Kai, ni maƙeri na, ba boka ba. Ban iya duba daga nesa ba."

Ya miƙo hannu ya kama na Bube, ya juya shi, ya lallatsa tafin, ya motsa guntun yatsan ya ga iyakar inda yake kaiwa, kamar yadda zai duba ƙarfen da aka kawo masa gyara. In ban da Lauratu da malamin asibiti, babu wanda ya taɓa hannun nan shekara huɗu. Bube bai ji taɓawar ba ko kaɗan. Ganinta kawai ya yi da ido. Sai ya juya fuska wajen wuta ya ce hayaƙin gawayin nan ba shi da kyau.

Maccido ya curo yumɓun da yake liƙe bakin zuga-zugi da shi, ya sa masa a tafi ya ce ya matse iya ƙarfinsa. Ya ajiye curin kusa da wuta ya bushe, da shi ya sassaƙa ƙotar icen ƙirya, kowane lotso a inda hannun ya bar shi. Ruwan wuƙar ya fitar da shi daga karyayyen sifirin lori. Ya sa madaurin fata da zai kewaye bayan hannu don kada ta faɗi. A gadon bayan ruwan kuma ya bar wani ɗan kunne a tsaye, wanda in aka goga a cinya wuƙar za ta buɗe ba farce ba haƙori. Kwana biyar suna yi, Bube yana zuga da wuyan hannu, Maccido yana masa tsawa duk sa'ad da ya matso kusa da garwashi.

Abin alfaharin Maccido shi ne shirunta. Kowane maƙeri ya san wuƙar maharbi ba ta magana, don ƙarar ƙarfe ɗaya tana watsa daji. Ya goge mahaɗin da magagari, ya sa mai, har ta zama tana buɗewa kamar hammar kyanwa.

"Ka ji wani abu?" ya tambaya yana washe baki.

"Ban ji ba."

"To wannan shi na aiki."

Da la'asar Bube ya zaga bayan gida yana gwada ta a kan kara. Ya goga a cinya, ta buɗe, ya sara. Sau ɗaya ba ta kai ga makullinta ba, shi kuwa bai sani ba. Da ya danna, ta naɗo kan rabin manuninsa. Ya ci gaba da yankan kara yana jin daɗi, sai da Lauratu ta kawo masa ruwa ta ga jini yana ɗiga a ƙafarsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta wanke, ta ɗaure, ta raka shi wurin malamin asibitin garinsu aka ɗinke. Daga can ta ja mayafi ta nufi maƙera da wuƙar a hannu, Bube yana bin ta yana ba ta haƙuri.

"Maccido! Rabin yatsa Allah ya rage mai a hannun ga, shi ma kana so?"

Ran nan Maccido ya rasa abin wasa. Ya buɗe wuƙar ya naɗe, ya buɗe ya naɗe. "Ai tana kullewa," ya ce da ƙaramar murya. "Ga shi, ina jin ta."

"A ina kaka jin ta?" in ji Bube.

"A yatsa mana."

Sai a lokacin Maccido ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Ni kunne gare ni, ɗan'uwa," Bube ya ce. "In ba ta faɗa min ta kulle ba, ba ni sani."

"Shekara talatin ina koyon hana ƙarfe surutu," in ji Maccido. "Kuma ƙarar fa? Daji fa?"

Lauratu ta ce, "Wadda ke cikin tarko, wa za ta ruga ta faɗa ma?"

Maccido ya ƙara zurfin tsagin makullin, ya sake wa sifirin wuta ya ƙara masa tauri. Da ya goga ta a cinyarsa, sai ta ce ƙas! Har akuyar da ke bakin ƙofa ta ɗaga kai. Maccido ya yamutsa fuska kamar an zagi kakansa, ya ɗaura wa Bube ita da kansa, yana kaffa-kaffa da ɗinkin.

Wata ya tsaya. Safiya ta farko tarkuna wayam. Ta biyu ma haka, sai sawun dila. Malami yana biye da shi taku goma a baya, ba ya magana. A safiya ta uku, a tarko na ƙarshe, suka tarar da gada, sabon kamu, tana tsalle da dukkan ƙarfinta.

Bube ya yi mata rumfa da jikinsa, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, ya tallafo haɓarta da damtsen hagu. Bai saki komai ba, bai dubi komai ba sai wuyanta. Ya goga hannun dama a cinya. Ƙas! Ya yi bisimilla da kabbara ya ja sau ɗaya. Jini ya yi tsartuwa, ƙafafu suka yi ta shuri har suka lafa.

"Ta halatta," in ji Malami. "Bar tarkunanka inda suke."

Bube ya zauna a ƙasa. Shi kuwa dattijon ya matso har taku biyu, abin da bai yi ba kwana uku, idonsa a kan wuƙar.

"Naɗe ta ka sake buɗewa in gani." Bube ya yi. "Kai! Barewa nawa ta kuɓuce min ina neman hannu na biyu?"

Daga nan labarinta ya tashi. Abin da masu gardamar rumfa ba su taɓa lura da shi ba shi ne, lokacin yanka mai yatsu goma ma hannu ɗaya gare shi, don ɗayan yana kan ƙaho. Kuma ran da ake sanyi, ko hannu ya jiƙe da jini, farce ba ya kama komai. Maharban Jabo suka zo, na Sanyinna suka aiko, na Dogon Daji suka biyo baya. Makiyaya suka so ta don ranar da saniya za ta faɗi a daji ana tseren riskar ranta. Aka sa mata suna Mai Kunne. Samari kuwa ƙarar suka so, har ya zama ba a shiga kasuwa ba a ji ƙas daga nan, ƙas daga can. Masu neman a yi musu marar ƙara, Maccido ya ce su je kanti. Kuma babu wadda ke barin maƙera sai Bube ya gwada ta a tafinsa ya ji muryarta. Wasu in sun karɓa sai su gifta ta a wuta kafin su sa aljihu, ba su san kunya ba.

Bayan wata uku Bube ya kai nama kasuwar Tambuwal. Lauratu ta yi masa banda mai kyau, gada biyu da zomaye, ta wanke sabuwar tabarma. Ya shimfiɗa bayan rumfar masu gishiri ya zauna. Daga inda yake yana hango Maccido, mutane sun yi masa zobe suna rububin wuƙaƙe. Bube kuwa har aka kira azahar babu wanda ya taya namansa. Mutane suna zuwa, ƙamshi ya tsayar da su, su dubi naman, su dubi mai naman, su wuce. Wani ma da Mai Kunne a hannunsa ya tsaya ya yaba kaifinta da kyan ƙotarta, ya yi masa addu'a, ya tafi.

Can sai ga Maccido ya naɗe buzunsa ya zo ya zauna dirshan a bakin tabarmar.

"Bawa, yanko min cinya. Da hannunka, ba ni son rowa."

Bube ya yanka ya miƙa masa. Maccido ya karɓa ya cika baki, yana tauna yana magana da ƙarfi yadda har masu gishiri za su ji.

"Gishiri ya yi kaɗan! Ga ka zamne bayan tsibin gishiri, rowa ta hana ka saye. Ƙaro min."

Wani makiyayi mai suna Atiku, wanda ya daɗe a tsaye dogare da sandarsa, ya dubi Maccido yana lasar yatsu. Ya matso ya tsuguna ya tambayi kuɗin zomo. Bube ya faɗa. Atiku ya ce ya yi tsada. Suka yi ta ja, Bube yana rantsuwa ba ya ragewa, muryarsa tana tashi, fuskarsa tana haske, don rabonsa da wani ya yi gardamar ciniki da shi har ya manta. Atiku ya sayi zomo biyu. Bayansa wata tsohuwa ta sayi ƙafar gada.

Iyakar cinikin ke nan. Da rana ta yi sanyi ya mayar da fiye da rabin naman cikin buhu, Maccido ya kama masa bakin ya ɗaure.

"Kasuwa mai zuwa fa?" in ji Maccido.

"Ina zuwa," in ji Bube. "Ka zo da yunwarka."

Zai zo, a nan bayan rumfar masu gishiri. Ku je. Kada ku aika a sayo muku, kada ku jefa masa sadaka, bai roƙe ku ba. Ku tsuguna ku taya, ku nemi ragi kamar yadda kuke yi wa kowane mai nama, ku karɓa daga hannunsa, ku ci a nan inda mutane ke gani.